Koriyar Fitila

"Baba, ruwan nan zai yi ɓarna a garin Cairns," in ji 'yata kafin ta haye kogi. "Kwamfutocin ajiyar fayilolinmu tagwaye ne, ɗaya nan ofis, ɗaya can hayi. Muddin fitilar nan koriya ce, ta can tana numfashi, ni kuma ina gefenta."

Na jingine tsintsiyata, na ƙura wa fitilar ido. Can sai wayar 'yata ta daina shiga.

Da yamma fitilar ta koma ja.

"Kwantar da hankalinka, tsoho," in ji manaja yana murmushi. "Ta nan ta karɓi aikin. Ko fayil ɗaya bai salwanta ba."

Har yanzu ban sani ba ko kebul ne ya tsinke, ko ruwa ne ya shiga ɗakin da 'yata take ciki.