Sa Hannun Mutum Biyu

Tsohon injin gawayin da ƙungiyar masu kallon jirgin ƙasa ta shekara talatin tana jira ya ratsa tashar yana tarin hayaƙi. Sakataren ƙungiyar ya rubuta lambarsa.

Amma dokar ƙungiya ce, jirgi ba ya shiga littafi sai mutum biyu sun sa hannu.

"Kawo in sa maka, Malam," in ji shugaban tasha. "Ai ba makaho ba ne ni."

"Ba ka cikinmu."

Sakataren ya dubi bencin 'yan ƙungiya, ba kowa a kai. Uku daga cikinsu ƙasa ta rufe musu ido. Na huɗun ƙaninsa ne, shi ya kore shi kan lambar ƙarya guda.

Shi sakataren ne ya kafa dokar. Ya soke lambar injin.