Gurmin Laminu

Ranar sadakar bakwai ta mijina Laminu, Abbagana ya iso Wuro Patuji da mota mai baƙin gilashi. Ɗan amshin Laminu ne a da. Shi ne ya kwashe waƙoƙin maigidansa ya tafi Yola, ya sa musu kiɗan na'ura, ya ce nasa ne. Har ciwo ya kwantar da Laminu bai leƙo ba.

Ya tsuguna a ƙofar ɗakina yana goge idon da babu hawaye.

"Goggo, Allah ya jiƙan Malam. Bai bar wata sabuwa ba, ko a waya?"

"Bai bari ba."

"To a ba ni gurminsa, in samu albarka."

Na ce a ɗauko masa. Ya rungume abin kamar jariri. Ina jinsa a zaure yana gaya wa direbansa wai waƙa a jikin gurmin take, mace ba za ta gane ba.

Laminu murya gare shi mai sa mutum kuka, amma bai taɓa haɗa baiti ɗaya ba. Ni nake yi a bakin turmi, shi ya ɗauka ya kai gidajen biki.

Har yau Abbagana yana can yana kaɗa gurmi, yana jiran waƙa ta fito. Ni kuwa jiya na gama wata waƙa, ta makokin Laminu ce. Kaji kawai suka ji.