Ɗan Farin Toron Giwa

Wata Asabar bayan la'asar aka kawo wuta a gidanmu na Abakpa, muka yi maza muka kunna katun. A ciki akwai wani toron giwa, shugaban garke, kullum fuska a murtuke. Ɗansa ya tsamo wata 'yar giwa daga kogi, kowa yana yaba masa, shi kuwa uban ko kallonsa bai yi ba.

Na ce, "Wallahi wannan mugu ne!"

Umma tana bakin ƙofa tana kankare ƙanzon shinkafa. Ba ta jin Turanci, ban ma san tana kallo ba. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Ba mugu ba ne. Ɗan farinsa ne, kunyarsa yake ji."

Ni ne ɗan farinta, ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Can sai ta miƙa wa ƙanwata kwanon ƙanzon ta ce, "Kai wa yayanki."

Yau na fara furfura, har yanzu ba ta kira sunana ba. Amma duk ranar da na je gaishe ta, sai na tarar shinkafar ta ɗan kama.