Sharaɗin Sanatu

Tun hantsi Ajara ke yawo a Tamale, ta bar tukunyar kokonta a ƙofar asibiti ba mai tsaro. Mace ɗaya take nema: wadda aka yanke wa nono saboda ciwon daji, kuma tana nan da ranta.

Sharaɗin 'yarta Sanatu ke nan. An ga ƙullutu a nonon Sanatu, likita ya ce a yanka ranar Litinin tun bai yaɗu ba. Dangin mijinta kuwa suka ce ba su taɓa ganin wadda ta shiga ɗakin wuƙa ta fito da ƙafafunta ba. Har sun kama mata wuri a lorin la'asar, za a kai ta wurin wani mai magani a ƙauye. Sanatu ta ce wa uwarta, "Mma, nuna mini mace ɗaya da aka yanka ta rayu, in gani da idona. In babu, zan bi lori."

Akwai su mana. Mutanen gari ne ba su sani ba, domin wadda ta tsira ba ta yin shela. Da an ji sai a ce ciwon a jinin gidansu yake, 'ya'yanta mata su tsufa a ɗaki. Amma duk Alhamis wasu mata uku kan shiga ɓangaren mata na asibitin, su ja labule, su zauna da masu jiran wuƙa, su nuna musu tabonsu a asirce. Ajara ta san wannan sarai. Shekara takwas ke nan tana sayar da koko a ƙofar, tun kafin bara da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga mai baƙin tauraro.

Ta fara da ɗaya daga cikin matan, Lamisi, a unguwar Nyohini. Aka ce ta tafi biki garin Bolga, sai bayan kwana goma. Ta juya zuwa unguwar Bulpiela da sauri, tana tallafe da hannunta na dama, wanda ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa tun wani fataucin goro da ta je Kumasi ta daɗe. Ta tarar da ta biyun, Adizatu, a kwance, ciwon ya dawo, ta zama ƙashi da fata. Wannan in Sanatu ta gan ta, ai da gudu za ta hau lori. Ajara ta yi mata addu'a, ta fito titi tana kuka, babbar mace da ita, ba ta damu da masu kallo ba.

Ta koma asibiti, ta riƙe gefen rigar sistar ɗakin mata. "Don Allah, Sista, ba wata? Ko a Yendi take, zan je."

Sista ta dube ta, ta ce, "Mma Ajara, ni kike tambaya?"

Ajara ta saki rigar. Tsoro ya kama ta. Ta tuna da autarta, wadda makon jiya aka kawo goron neman aurenta, daga gidan da ke bin asalin yarinya har kaka da kakanni. Ta tuna da Sanatu tana jaririya. Sai ga kiran sallar la'asar.

A Sabonjida, gidan mijin Sanatu, ta tarar an ɗaure kaya. Uwar mijin Sanatu da gwaggwanninsa sun cika ɗakin, matan da in sun ji magana da la'asar, kafin magariba ta gama zaga kasuwa. Ajara ta roƙe su su ba ta wuri da 'yarta. Ko motsi ba su yi ba. Daga bakin titi lori ya yi oda.

Sanatu ta leƙa bayan uwarta, ta ga ba kowa. Ta sa hannu ta ɗauki ƙullin kayanta. "Ina take, Mma?"

Ajara ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Ajiye kayan. Ga ta."

Da hannun hagu ta kwance zanen da shekara tara ba wanda ya ga ƙarƙashinsa sai a bayan labulen asibiti, curin audugar da ke cike gurbin nononta na dama ya faɗo, ya gangara har gaban ƙafar Sanatu.