Alamar Gaggawa a Layin Asibiti

A shekarar da aka haɗa kwamfutocin wani ƙaramin asibiti a kan layi ɗaya, an ɗauki wani mutum mai sanyin hali ya riƙa kula da shi. Duk abin da ya fito daga ofisoshin, takarda ce ko hoto ko murya, sai an daddatsa shi ƙunshi-ƙunshi, ya je ya jira a bakin wani akwati da ke raba hanya. Mutumin ya san kayan ba ɗaya ba ne. Takarda kamar buhun gero take, ko ta kwana a hanya ba abin da zai same ta. Murya da hoto mai motsi kuwa ɗanyar madara ce, da sun makara sun lalace. Akwai wani likitan zuciya a babban birni da ke duba yaran asibitin ta bidiyo duk ranar Laraba, ana ɗora musu na'ura a ƙirji yana kallo daga can. Don haka mutumin ya sa wa ɗakin bidiyon alamar gaggawa, yadda akwatin zai riƙa tsayar da kayan kowa har nasa su wuce. Hoto ya fito tar, murya ta fito garau.

Ba a daɗe ba labari ya bazu cewa akwai alamar da ke sa kwamfuta gudu. Shugaban asibitin ya kira shi, ya ce bai ga dalilin da ɗakin da ke ƙarƙashinsa zai riga shi wucewa ba. Ya sa masa. Mai kula da magunguna, wani dattijo abokin mahaifinsa, ya tare shi a baranda ya ce, "Ɗana, ni za ka bari a rana?" Ya sa masa. Akanta ya zo, sai shugabar ma'aikatan jinya, sai masu gadi da kyamarorinsu. Shi kuwa tun yana yaro bai iya kallon idon babba ya ce a'a ba. Kullum sai ya gaya wa kansa cewa ƙarin mutum ɗaya ba zai yi komai ba, kuma da gaskiyarsa, mutum ɗaya bai taɓa yin komai ba.

Wata Laraba a ƙarshen wata, wata mata ta zo daga ƙauye mai nisa da 'yarta, wadda leɓenta ke yin shuɗi in ta yi kuka. Aka kwantar da yarinyar, aka kira likita. A daidai lokacin ofisoshi na ta tura rahotannin wata, kyamarori na zuba nasu, kowane ƙunshi da alamarsa. Akwati bai san fuskar kowa ba, alama kawai yake gani, sai ya jera su duka a sahu ɗaya. Hoton zuciyar yarinyar ya ƙame a jikin allo, muryar likita tana zuwa guntu-guntu. Ya sa aka kashe aka sake kunnawa, abin bai canza ba. Daga ƙarshe ya ce ba zai rubuta magani a kan zuciyar da bai ga bugunta ba, ga wasu asibitocin na jiransa, a dawo da ita wata mai zuwa. Mutumin yana tsaye a bakin ƙofa matar ta goya 'yarta ta fito. Ta gaishe shi cikin ladabi, ta tambaye shi hanyar tasha, ya nuna mata.

Shi ya sa Hausawa suka ce, in dambu ya yi yawa, ba ya jin mai.