Ɗaki na Ƙarshe a Jerin

Ƙarfe huɗu na yamma, ruwa ake tsugawa tun safe. Mai kula da masaukin ɗalibai ya buɗe ɗaki na ƙarshe a jerin da aka ba shi. Doka ce: baƙon da takardar zamansa a ƙasar ta ƙare, a kwashe kayansa.

Yana naɗe bargo, mahaifiyarsa ta kira shi a waya daga ƙasarsu.

"Auta, da ka gama koyon aikin, sun riƙe ka kuwa?"

"Sun riƙe ni, Inna. Har ɗaki suka ba ni."

Ya kulle ƙofa. Ɗakin nasa ne; takardarsa ce ta ƙare.

Mai shara ta wuce shi, ko kallonsa ba ta yi ba. Sai dai ta bar masa ƙofar sito a buɗe, ya samu wurin kwana.