Ranar da Hannun Suruki Ya Yi Rawa

Kai da kake cewa kunya ce ta hana ka magana, matso ka ji. An yi wani gwani da ya tsufa yana haɗa ma'aunin motsi na kumbon da ake harbawa sararin samaniya. Na'urar ba ta fi gidan ashana ba, a cikinta akwai ɗan ƙarfe kamar ƙwayar gero, ko sauro ne ya ture kumbon sai ya ji. A can sama babu ƙasa babu bango, mutum zai kauce hanya jikinsa bai gaya masa ba, wannan ƙwayar ce idonsa. Ranar da za a rufe na'urar, abokin aikin tsohon, wanda kuma mijin 'yarsa ne, ya ga hannun surukinsa ya yi rawa, ƙwayar ta zauna a ɗan karkace. To amma wa zai dubi tsabar idon surukinsa a bainar jama'a ya ce, Baba, hannunka ya tsufa? Ya sunkuyar da kai, ya ce a ransa ai abin bai taka kara ya karya ba. Aka rufe, aka harba. Matuƙin kumbon kuwa autan tsohon ne.

Tun daga ranar abinci ya daina wuce wa mijin 'yar. Na'ura tana cewa hanya ɗoɗar, kumbo kuwa yana zamewa kaɗan-kaɗan kamar akuya mai bin ciyawa. Auta ya yi magana ta rediyo yana dariya, shi kuwa mijin 'yar yana ji a ɗakin da ake sa wa kumbon ido, amma bakin nan gum. Sai ranar juyowa gida auta ya ce, "Baba, duniya ba ta inda ya kamata in gan ta." Nan mijin 'yar ya fashe da kuka, ya faɗi abin da ya gani, a gaban taron da ya ninka na farko. Aka duba, man da ya rage ba zai dawo da yaron ba. Muryarsa tana ƙanƙancewa, yana kiran Baba, Baba, har ta ɗauke. Tsoho bai zagi mijin 'yar ba, da ma zagin ya yi da ya fi sauƙi. Cewa ya yi, "Ɗana, da ka faɗa ran nan, kunya kaɗai zan ji, in koma gida in ci tuwona." Shi ya sa Hausawa suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.